LIKITA MILA DA YARON KATSINA

Sa'ad da malaminmu na Hausa ya ce kowa ya zaɓi wani sanannen mutum wanda ya daɗe da rasuwa ya rubuta tarihinsa domin mujallar bana, nan da nan aka yi wawason sunaye. Wani ya ɗauki Sarki Dikko, wani Wali Ɗan Marina, wani Alhaji Abubakar Imam, har aka kusa ba hammata iska a kan Sardauna. Ni kuwa da na faɗi nawa sai aji ya yi tsit, kana aka fashe da dariya, wai me ya haɗa Bakatsine da wani Baturen mishan wanda ko sunansa ba a taɓa ji ba. Ban ce musu kome ba a ranar, amma ga amsata nan na kawo a rubuce.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, gara in fito fili tun da wuri. Ni Kirista ne, iyayena Hausawa ne daga ƙasar Malumfashi, a cikin birnin nan kuwa aka haife ni. Na san yawancin masu karanta wannan mujalla Musulmi ne, saboda haka kada wani ya zaci wa'azi na zo yi. Abin da nake so shi ne in ɗauki misalan da Yesu Almasihu ya bayar cikin Linjila, waɗanda ake karanta mana tun muna ƙanana, in auna rayuwar mutum guda da su, in ga inda ya cika mudu da inda ya kasa. In na gama da shi kuma ba zan bar kaina ba.

A ɗakin kakata akwai wani tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa, bangonsa baƙi, an ɗinke gindinsa da zaren lilo, takardunsa sun yi ja saboda hayaƙi. An yi sababbin fassarori tun tuni, amma ita ba ta yarda da kowace ba sai wannan tsohuwar, wadda aka fara bugawa a 1932. Daga bakinta na fara jin cewa wani likita ne ya shugabanci aikin juya littafin zuwa Hausa. Sunansa Walter Miller, mutanenmu kuwa Likita Mila suke ce masa.

An haifi Mila a Ingila a shekarar 1872. Ya yi karatun likita a babban asibitin St. Bartholomew da ke birnin Landan. A wancan zamani wanda ya fito da takardar likita daga irin wannan wuri ya gama samun abin zaman duniya, sai dai ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya ya yi ta tara abinsa. Shi kuwa sai ya ba da kansa ga ƙungiyar mishan ta C.M.S., ya ce ƙasar Hausa yake so a aike shi. Akwai misalin da Yesu ya bayar na wani maigida da zai yi tafiya, ya raba wa barorinsa uku dukiya. Biyu suka juya tasu ta riɓanya, na ukun ya haƙa rami ya binne tasa don tsoro, shi ne kuwa ya sha faɗa da maigidan ya dawo. Ina tsammani Mila ya ɗauki iliminsa na likita a kan irin wannan amana ce, wadda za a tambaye shi yadda ya yi da ita. Ko me za a ce game da shi daga baya, ba za a ce ya binne tasa ba.

To, amma mutum ba ya aiki cikin jama'ar da bai san harshensu ba. A ƙarshen ƙarni na 19 da wuya Bature ya sami hanyar zuwa ya zauna a Kano ko Katsina ya koyi Hausa, sai aka tura shi Tarabulus, can bakin teku a ƙasar da ake kira Libiya yanzu. Kada ku yi mamaki. A lokacin ayarin raƙuma yana tasowa daga ƙasashenmu, ya bi ta Agadas da Gat, ya ratsa Sahara da fatu da gashin jimina da turkuɗi, ya sauke a Tarabulus bayan watanni. Saboda haka akwai Hausawa da dama a garin, fatake da alhazai da bayin da suka sami 'yanci.

A nan ne labarin ya taɓo garinmu. Cikin Hausawan da Mila ya tarar akwai wani yaro ɗan Katsina, sunansa Abdul Majid, ana ce masa Audu. Ya taso ne tare da mahaifinsa za su aikin hajji, sai ajali ya riski mahaifin a hanya. Ku dubi wannan hali, jama'a. Yaro ne wanda ƙila bai kai wasunmu shekaru ba, ya bar hasumiyar Gobarau a bayansa, ya sha ƙishirwa da zafin rairayi, ga maraici, ga baƙunci, ba uwa ba dangi. Mila ya ja shi a jiki, ya kula da shi, daga baya ma ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa.

Duk Kiristan da ya ji wannan, misalin Basamariye ne zai faɗo masa a rai, wanda ke cikin Linjilar Luka sura 10. Bari in ba da shi a taƙaice saboda waɗanda ba su san shi ba. Wani masanin Attaura ne ya tambayi Yesu ko wane ne maƙwabcinsa. Yesu ya ba shi labarin wani matafiyi da ya taso daga Urushalima za shi Yariko, 'yan fashi suka tare shi, suka tuɓe shi, suka yi masa dukan kawo wuƙa, suka bar shi rai a hannun Allah. Wani firist, watau malamin Haikali, ya zo ya gan shi, ya ratse ya wuce. Wani Balawe, shi ma ma'aikacin Haikali, ya yi haka nan. Sai ga wani mutumin Samariya, alhali kuwa tsakanin Samariyawa da Yahudawa ba a ga maciji. Shi ne ya tsaya, ya wanke masa raunuka ya ɗaure, ya aza shi bisa dabbarsa, ya kai shi masauki, ya biya dinari biyu, ya kuma yi alkawarin cika abin da aka ƙara kashewa in ya dawo. Da Yesu ya gama sai ya juya tambayar, ya nemi masanin ya faɗi wanda ya zama maƙwabci ga mai raunin cikin mutanen nan uku.

Galibi in ana ba da labarin Mila da Audu a cikinmu, Mila ake ba matsayin Basamariye, a tsaya nan. Ni ina ganin ba a ƙare ba. Likitan da ba ya jin abin da majinyaci ke faɗi, da shi da kurma duk ɗaya ne. Mila ya isa Tarabulus da ilimi cike da kai amma ba baki, shi ma kamar yasasshe ne a gefen hanya. Daga bakin irin su Audu ya tsinci Hausa, da karin maganarta da zaurancenta, har ya zama ana lissafa shi cikin Turawan da suka fi kowa iya ta. A 1901 ya fitar da ɗan littafin koyon Hausa domin Turawa. Ashe ke nan cikin Hausar da kakata ke karantawa kowace safiya akwai gudummawar wani maraya ɗan garin nan, Musulmi ɗan Musulmi, wanda ya fita da niyyar zuwa Makka. Kowa ya ɗauki wani a cikinsu.

Wani abokina na aji, wanda zan sake ambatonsa nan gaba, ya yi mini wata tambaya mai nauyi a kan wannan. Ya ce ai Basamariyen labarinku bai nemi kome wurin mai raunin ba, bai ce sai ya bar addininsa ya bi na Samariyawa ba, to, shi Mila fa, ba don ya mai da yaron Kirista ya taimake shi ba? Na rasa ta cewa, don gaskiya ce Mila ɗan mishan ne, kuma burinsa ke nan ga duk wanda ya sadu da shi, bai taɓa ɓoyewa ba. Abin da na iya ce masa daga baya shi ne, abincin da yaron ya ci abinci ne na gaske, kulawar da ya samu ma haka. Amma na yarda misalin ya fi Mila tsawo, ya kuma fi ni. Taimakon da ba a rataya masa wani sharaɗi ba, ko a zuci, abu ne mai wuyar gaske.

A farkon 1900 Mila ya shigo ƙasar nan cikin ƙungiyar Turawa biyar, shugabansu Bishop Tugwell. Suka taso daga Ikko, suka yi ta tafiya wata da watanni da 'yan alaro, suka biyo ta Zariya inda Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da mutunci, suka doshi Kano. Sun zaci za a yi murna da zuwansu. Ina! Sarkin Kano Alu ya ƙi ba su wurin zama, ya yanka musu 'yan kwanaki su fice masa daga gari. Suka juyo jiki a sanyaye, suka yada zango a Girku ta ƙasar Zazzau. A can ciwo ya kashe ɗaya daga cikinsu, gobara kuma ta ci bukkokinsu, ala tilas suka janye.

A nan ba zan kāre su ba. Cikin Luka sura 14 Yesu ya yi maganar mai son gina hasumiya, cewa ya kamata ya fara zama ya yi lissafin abin da ginin zai ci, kada ya sa harsashi ya kasa gamawa ya zama abin dariya. Su waɗannan bayin Allah ba su yi wannan lissafi ba. Ba wanda ya gayyace su, ba su kuma tsaya sun tambayi kansu yadda Sarkin Kano zai dubi Turawa biyar da suka faɗo masa a shekarar da Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja ba. Mu ma nan makaranta muna da irin wannan hali. Sau nawa muka kafa ƙungiya da ɗoki a farkon zango, kafin hutun rabin zango ta watse?

Mila dai bai yi zuciya ba, ya sake dawowa. Kafin nan ƙasa ta juya. A 1903 sojan Turawa suka ci Kano da Sakkwato, a shekarar kuma Lugga ya shigo Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka. A 1905 Mila ya sami izini ya zauna a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Ya shafe shekara ashirin da 'yan kai a wurin, yana wanke gyambo, yana ba da magani, yana koya wa yara karatu, da dare kuma yana fama da fassara. Yana cikin waɗanda suka ba gwamnati shawara a riƙa rubuta Hausa da baƙaƙen boko maimakon ajami, ko da yake har yau akwai masu ganin wannan shawara ta jawo mana hasara, tun da ta raba jama'a da rubutun da suka gada. Ya kuma kawo shirin buɗe makarantar 'ya'yan sarakuna, amma gwamnati ta ƙi sakar wa mishan wannan aiki. Ita da kanta ta buɗe tata a Nasarawa ta Kano a 1909, a hannun Ɗan Hausa, daga baya kuma aka kafa Kwalejin Katsina a 1921.

In aka zo ga abin da ya kawo shi, watau samun mabiya, sai a ce noman bai yi albarka ba. Shekaru suna ta wucewa, waɗanda suka karɓi baftisma a birnin Zariya ba su taka kara sun karya ba. Mutane suna zuwa karɓar magani, su yi godiya, su koma masallacinsu. Misalin mai shuka, wanda ke cikin Matiyu sura 13, ya dace da wannan hali. Manomi ya fita yafa iri, wani ya faɗi a bakin hanya tsuntsaye suka tsince, wani a kan marmara ya tsiro da wuri rana ta ƙone shi, wani cikin ƙaya ta shaƙe shi, wani kuwa a ƙasa mai kyau ya yi riɓi talatin, da sittin, da ɗari. Duk wanda ya taɓa bin babansa gona da damina ya san wannan ba tatsuniya ba ce. Sai dai akwai wani tarko a cikin misalin, wanda mu Kirista muka cika faɗawa. Da sauƙi mutum ya ɗauki kansa mai shuka, ya mai da maƙwabtansa marmara da ƙaya. Kakata takan ce ba a ba mu misalin don mu auna gonar wani ba, sai don kowa ya duba tasa zuciyar. Ban taɓa ganin manomin kirki ya tsaya yana zagin ƙasa ba.

A 1913 wani abu ya faru wanda ya faranta wa Mila rai ƙwarai. Tun wajen 1867 an kashe wani malami a kasuwar Kano, Malam Ibrahim, saboda koyarwarsa a kan ɗaukakar Annabi Isa, wadda hukuma ta ga ta kauce hanya. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka warwatsu zuwa wajen Ningi da gabashin ƙasar Zazzau. Zuriyar waɗannan ne wasunsu suka nemo Mila, da yawa kuma suka karɓi addinin Kirista. Aka samar musu wuri a Gimi, suka kafa ƙauye da gonaki da makaranta da majami'a. Mila ya ga kamar ga ƙasa mai kyau nan ta samu bayan dogon jira. Ashe wurin matattarar ƙudan tsando ne. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya shiga ƙauyen ya yi ta ɗauka ɗai ɗai, manya da yara. Likita ne, amma a lokacin babu wani magani mai ƙarfi na wannan ciwo, yana ji yana gani mutanen da suka amince da shi suka yi ta mutuwa. Daga ƙarshe aka tashi garin, aka kwashe waɗanda suka ragu zuwa Zariya, yawancinsu yara. Duk cikin tarihinsa babu inda ya fi ba ni tausayi kamar nan. Ban san misalin da zan aza a kai ba, ban kuwa ga amfanin ƙaƙalo wani ba.

Yanzu sai mu zo ga aibinsa, don wanda ya ba da tarihin mutum ya ɓoye wannan, kirari ya yi. Mila mutum ne mai zafin rai da kaifin harshe, in ya ga abu a ganinsa daidai ne ba mai tanƙwara shi. Ya goyi bayan cin ƙasar nan da Turawa suka yi, yana ganin ta haka za a hana harin bayi a kuma buɗe hanyar wa'azi. Ya rubuta maganganu masu zafi game da sarakuna da kuma addinin Musulunci, waɗanda in maƙwabcina ya karanta ba zai ji daɗi ba, ni ma ban ji ba. Zamansa da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi bai yi daɗi ba, ya yi ta kai ƙarar mulkinsa wurin Turawa, daga baya kuwa aka tuɓe Sarkin aka kai shi Lakwaja, can ya rasu. Ba na musun cewa akwai zalunci a wancan zamani, kuma talakan da aka ƙwace wa jaki ko aka sayar masa da ɗa yana bukatar mai tsaya masa. Amma cikin Matiyu sura 7 Yesu ya yi gargaɗi game da mai hangen ɗan haki a idon ɗan'uwansa alhali ga gungume a nasa. Mutumin da ya shigo ƙasa a inuwar bindigar danginsa ya kamata ya yi taka-tsantsan wajen kiran wasu azzalumai.

Sai dai in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Harshen nan nasa bai bar 'yan'uwansa Turawa ba. Ya sha sa-in-sa da Razdan da Di'o, yana zarginsu da rufe ido ga wahalar talakawa da barin Arewa a baya wajen ilimi. A 1947, yana tsoho, ya fitar da littafi da Turanci wanda sunansa kansa tambaya ce ga mutanen Ingila, ko sun kasa a Nijeriya. Ina ganin a nan ya fara taɓa gungumen da ke idon gidansu, ko da yake ya makara.

A 1929 aka fitar da mishan daga cikin birnin Zariya zuwa Wusasa, bayan ganuwa. Mila bai so haka ba ko kaɗan, don shi a ganinsa cikin jama'a ya kamata a zauna. Ya bar wa wasu aikin, ya koma Kano, ya duƙufa kan fassara. A Wusasa aka gina majami'a da jar ƙasa, ginin Hausa sosai da bakan gizo, tana nan tsaye har yanzu, sunanta ɗaya da asibitin da ya yi karatu a Landan. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Ba shi kaɗai ya yi aikin ba, akwai 'yan mishan na wasu ƙungiyoyi, kamar Likita Stirrett na S.I.M., akwai kuma malamai Hausawa da suka yi ta gyara masa magana, amma shi ne uban tafiya.

Wani abin da na lura da shi shi ne, misalan nan ba su sha wuyar shiga Hausa ba. Maganar shuka ce da girbi, da tunkiyar da ta ɓace, da macen da ta share ɗaki tana neman kuɗinta, da fitilar da ba a rufe ta da masaki, da ɗan da ya karɓi gādonsa ya tafi yawon duniya ya dawo tsirara. Wace tsohuwa ce a Kafur ko Matazu za a tsaya yi wa bayanin waɗannan? Kakata ba ta san inda Landan take ba, amma in tana ba da labarin ɓataccen ɗan nan sai ka rantse a ƙauyensu aka yi.

Akwai wani ɗan gajeren misali cikin Markus sura 4, na mutumin da ya yafa iri ya tafi, yana kwana yana tashi, irin kuwa yana tsiro yana girma ba tare da ya san ta yaya ba. Wannan ya fi kowane dacewa da ƙarshen aikin Mila. Birnin Zariya da ya ƙwallafa wa rai bai samu ba. Amma littafin ya bi hannun wasu ƙungiyoyin mishan ya shiga ƙauyukan Maguzawa na Kano da Katsina, ya hau duwatsun Filato, ya gangara kudancin Zazzau da Adamawa, ya ƙetara har Maraɗi, inda kabilu masu harsuna dabam dabam suka mai da Hausa harshen ibadarsu. 'Yar makarantar nan kuma da ta koma Wusasa ta fitar da mutanen da Arewa duka ta ci moriyarsu. Likita Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912, shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama likita. Ya yi karatu a Birmingham ta Ingila, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya rasu a 1977, ga babban asibiti can a Kaduna da sunansa. John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da R. M. East, ɗan wannan gida ne. Farfesa Ishaya Audu, jikan Isawan nan, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi. Marasa lafiyar da Barau Dikko ya duba da ɗaliban da suka bi ta hannun Ishaya Audu, yawancinsu Musulmi ne, ba wanda ya tambaye su addininsu a bakin ƙofa.

Mila ya ajiye aiki da C.M.S. a 1935, ya koma Ingila, amma zama bai yi masa daɗi ba. Ya sake dawowa ƙasar nan ya zauna a Bukuru kusa da Jos, a can ya rasu a 1952 yana da shekara 80, aka binne shi a Jos.

Na yi alkawari ba zan bar kaina ba, to, ga nawa. Muna aji biyu, wata ranar Lahadi da safe cikin damina, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da wani yaro a ɗakin kwananmu. Yana ta rawar ɗari, ya yi amai a gefen gadonsa. Kwana biyu kafin nan mun yi cacar baki da shi a kan bokiti, ina jin haushinsa. Ga shi na sha fararen kaya na goge su tsaf, ni ne kuma aka sa in yi karatu a wurin sujada ran nan. Na gan shi sarai. Na ce a raina in na tsaya zan makara, kayana kuma za su ɓaci, ai wani zai zo. Na ɗauke kai na bi ta ɗaya ƙofar.

Da na dawo sai na tarar gadon ba kowa, an wanke wurin an zuba toka. Ashe abokin nan nawa mai yawan tambaya, wanda ya fi kowa a ɗakinmu kiyaye salla, shi ya goya shi a baya har ɗakin magani, ya dawo ya share aman, ya kuma kai masa kunu. Bai ce mini kome ba, don bai ma san na gani na wuce ba. Da aka yi hutu na ba kakata labari, ina ɗan kāre kaina da zancen makara. Ta bar ni na gama, ta miƙo mini baƙin littafin nan ta ce in buɗe Luka sura 10 in karanta mata, tun da idonta ya yi rauni. Da na kai ƙarshe ta tambaye ni wanne ne ni cikin mutane ukun da suka bi ta hanyar. Ban amsa ba, ita ma ba ta sake tambaya ba, ta ce in je in ɗebo mata ruwa.

Shi wannan aboki nawa shi na ba wannan rubutu ya duba mini kafin in kai wa malam, don ya fi ni sanin inda ake sa ƙugiya a baƙaƙe. A nan ne ya fara jin abin da na yi ran nan. Ya yi dariya ya ce shi ya ma manta. Ya gyara mini kurakurai goma sha ɗaya. Har yanzu dai bai yarda da ni a kan Mila ba, ya ce na yi masa sassauci game da Sarkin Zazzau, kuma in Allah ya kai mu baɗi shi zai rubuta tarihin Aliyu Ɗan Sidi a wannan fili, in ji yadda abin yake daga wancan gefe. Na ce masa ni zan duba masa ƙugiyoyin.